In an taɓa yarinya a wajen 'yan gudun hijira, ina ake fara kai ta?

Maman_Walida:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni kuma masu sani nake so su amsa, ba "Allah ya kyauta" kawai ba. Muna da ɗan kwamiti na matan unguwa, muna haɗa tsofaffin kaya da garin masara muna kai wa mutanen da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyuka, yanzu haka suna zaune a wata firamare da wasu kangwaye a bayan gari, galibinsu mata ne da yara. Ba hukuma ce ta buɗe wajen ba, su ne suka zo suka zauna. To maganganu sun fara fitowa cewa ana bin 'yanmatan da daddare, wasu kuma a wajen neman itace. A taronmu gardama ta kaure, wasu sun ce in abu ya faru wajen mai unguwa za a fara zuwa tunda shi ne uban ƙasa, wasu sun ce 'yan sanda, ni kuma na ce asibiti, haka aka tashi baram-baram. Wanne ne daidai? Kuma me ƙaramin kwamiti irin namu zai iya yi tun kafin abin ya faru, don mu ba kuɗi ne da mu ba.

Sista_Rabi:
Wa alaikumus salam. Asibiti Hajiya, asibiti, babu wani ja. Ni ungozoma ce kuma abin da yake ƙona min rai kenan, sai an gama zaman sulhu an gama kai-kawo tsakanin dangi da masu unguwa sannan a kawo mana yarinya lokaci ya riga ya ƙure. Akwai maganin da ake ba wadda aka yi wa fyaɗe don kada ta kamu da ƙanjamau, PEP ake ce masa, dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon aikinsa, za ta sha na kwana 28 ba fashi. Ƙwayar hana shigar ciki ta gaggawa ita kuma iyakarta kwana biyar. Sai maganin ciwon sanyi, da allurar ciwon hanta, da ta tetanos in akwai rauni. Mai unguwa yana nan gobe, caji ofis yana nan jibi, amma kwana ukun nan in sun wuce sun wuce. Amma fa kada wani ya ce ai an makara a bar ta a gida, ko wata guda ne a kawo ta, akwai sauran abin da za a yi mata.

Abu_Khalifa:
Sista maganarki gaskiya ce a takarda amma kin san mutanenmu. Mutumin da aka kora daga gonarsa, an kwashe shanunsa, ba shi da ko tabarmar kwanciya, abin da ya rage masa a duniya mutuncin gidansa ne. Ki ce ya ɗauki 'yarsa ya bi layin kati a asibiti a tambaye shi me ya same ta a gaban mutane? Kafin la'asar duk gari ya ji, wa zai aure ta? Ni a ganina mai unguwa da liman su kira dangin yaron a yi magana cikin rufin asiri ya fi.

Zee_Gusau:
Rufin asirin wa?? Na yarinyar ko na ƙaton da ya yi mata? Wlh wannan rufin asirin shi ya kai mu inda muke. Mutum ya san ko ya yi iyakarta a kira shi zauren mai unguwa ya ba da haƙuri ya ajiye kuɗin magani, gobe ya koma kan wata.

Abu_Khalifa:
Ke dai ki yi a hankali ƙanwata, ban ce a ƙyale shi ba.

Sista_Rabi:
Malam Abu_Khalifa tsoron da ka faɗa gaskiya ne, ban raina shi ba. Shi ya sa aka buɗe cibiyoyi na musamman da ba sai an bi layin kati ba. Kano akwai Waraka a asibitin Murtala, Kaduna akwai cibiyoyin Salama har a Zariya da Kafanchan, Sakkwato akwai Nana Khadija, Maiduguri akwai Nelewa a asibitin Umaru Shehu. Kyauta ake duba mutum kuma sirri ne. Inda babu irinsu a nemi ma'aikaciyar ɗakin haihuwa a keɓe a gaya mata, ko ɓangaren da ake ba da maganin ƙanjamau don a can aka fi samun PEP ɗin. Kuma dan Allah iyaye mata, na san da kyakkyawar niyya ake yi, amma wannan saurin dafa ruwan zafi da bagaruwa a zaunar da yarinya a ciki, a wanke zanen a shanya, yana tafiya da shaida. In da hali a kawo ta yadda take, kayan jikinta a naɗe a takarda ko ambulan, kada a ƙulle a leda don gumi yana lalata su. In kuma ta riga ta yi wanka ba komai, a zo.

Ya_Falmata:
Maman Walida sannunku da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Ni a Maiduguri nake kuma mun ga wannan abin da idonmu tun lokacin da garin ya cika da mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno. Abin da zan gaya miki shi ne kada ku tsaya kallon daji kawai kuna neman mugu. Sau da yawa mugun yana cikin masu rabon. Duk wanda yake riƙe da littafin sunaye, ko katin abinci, ko makullin ƙofa, in ba mai tsoron Allah ba ne shi ne hatsarin. Mace mai 'ya'ya biyar, mijinta an kashe ko ba a san inda yake ba, an ce mata sunanki bai fito ba amma ki same ni da magariba mu duba, me kike so ta yi? Kuma ita ba za ta taɓa kiran wannan fyaɗe ba, za ta ce ai da ƙafata na je. A 2016 Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yanmata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri, waɗanda suka ce shugabannin sansani da 'yan sanda da sojoji da 'yan kato da gora sun yi musu fyaɗe ko sun yaudare su da abinci da alƙawarin aure, wasu an bar su da ciki. Buhari ya ce a yi bincike, a ƙarshen shekarar aka sanar da kama mutum goma. A 2018 kuma Amnesty ta fitar da nata kan matan da aka ajiye a sansanin Bama, yunwa tana kashe mutane, wasu matan suka ce sai ka yarda ka zama budurwar mai kaki kafin ka ci. Matan Knifar, wata ƙungiya ta matan da aka raba da muhallansu, su suka tashi da kansu suka yi ta magana a kai. To ku in za ku yi rabo, mata su rubuta suna, mata su miƙa, da rana tsaka a fili kowa yana gani, kuma a faɗa da babbar murya kafin a fara cewa kayan nan kyauta ne ba wanda zai nemi komai a wajenki.

Kwamared_Bash:
Kullum sai an sako sojoji. Mutanen nan suna mutuwa a daji don ku kwana lafiya, rundunar ma ta ƙaryata rahoton Amnesty ɗin nan tun a lokacin. Kungiyoyin waje da ajandarsu suke zuwa.

Ya_Falmata:
Ɗana, eh sun ƙaryata, ban ɓoye ba. Kuma akwai sojan da ya goya tsohuwa a bayansa ya fito da ita daga daji, mun sani muna musu addu'a. Amma goma ɗin da aka kama ba Amnesty ce ta kama su ba, Sufeto Janar na 'yan sanda ne ya sanar. Na kirki ba ya wanke na banza.

Admin_Sadiq:
Tunatarwa: duk wanda zai ba da labari kada ya sa sunan yarinya ko hotonta ko sunan ƙauyensu. Na goge wani saƙo yanzu saboda haka. A ci gaba.

Injiniya_Sale:
Ni ɓangaren ruwa da banɗaki na yi aiki, bari in amsa tambaya ta biyu. Hajiya ki je wajen da magariba ba da safe ba, ki tsaya ki ga inda mata suke zagawa. Yawanci za ki tarar banɗakin firamaren ya cika ko ba ƙofa, to mata sai su ƙi cin abinci su ƙi shan ruwa da rana, su jira duhu su shiga gona ko bayan kango, kuma duk ɗan iskan unguwa ya san lokacin. Ƙa'idar da masu agaji suke bi ita ce masai ɗaya ga mutum 20, kada ya wuce mita 50 daga inda ake kwana, na mata daban na maza daban kuma kada ƙofofinsu su kalli juna, da sakata ta ciki. Ba lallai ku iya cika wannan ba amma langalanga da sakata da fitila mai sola guda biyu uku ba su fi ƙarfin kwamiti ba. Wani abin da mutane ba sa lura, in ka sa fitila ɗaya tal a bakin banɗakin mata alhali ko'ina duhu ne, samari nan za su dawo su kafa majalisa suna caji da hira, matan su daina zuwa. Sai an sa wata a can nesa inda maza suke zama. Kuma ajin da mata suke kwana a duba tagoginsa.

Maman_Walida:
Injiniya wannan ta fitilar ba ta taɓa zuwa min a rai ba wlh. Na rubuta.

Inna_Sakkwato:
Icce, icce shi na babbar matsala wurinmu. Mutanen da sunka taho daga gabas, Isa da Sabon Birni, an ba su hatsi amma ba a ba su abin dahuwa ba, dole ɗiya mata su tai daji. Kuma in ka ce maza su tai sai matan su ce a'a, namiji in an gamu da shi kashe shi a kai, mu ko ana barinmu da rai. Wallahi da kunnena na ji wagga magana, na kwana ban yi barci ba. Mu abin da munka yi, in za mu kai gudummawa muna haɗawa da gawayi ko buhun kara, kuma munka ce su riƙa hita ƙungiya da sahe tare da manyan mata, ba yarinya guda da marece ba.

Bilkisu_M:
Ku sa audugar mata da sabulu da ɗan kamfai a kayan da kuke kaiwa. Kowa masara yake tunawa. Yarinya tana al'ada ba ta da ko tsumman ƙunzugu, mai shago ya ba ta bashi sau ɗaya sau biyu, na uku ya ce ta shigo ciki.

Dan_Gaske_01:
gsky nifa ina ganin iyaye suma da laifinsu, ka saki yarinya budurwa tana yawon talla ko bara har dare ba hijabi ba komai sannan kace an cuceta. tarbiyya ce tayi karanci

Zee_Gusau:
Ga su nan sun iso. Malam 'yan matan Jangebe su 279 da aka kwashe a 2021 talla suke yi? A ɗakin kwanansu na makaranta aka same su. Matan da ake shiga ƙauye a yi musu a gaban mazajensu fa, su ma hijabin ne babu? Wadda take bara ai yunwa ce ta fito da ita, kai ka kai musu abinci ka gani in za ta fito.

Ustaz_Nura:
Bismillah. Ɗan uwa Dan_Gaske a ji tsoron Allah a harshe. Wadda aka tilasta ba ta da zunubi kuma ba ta da haddi, malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba. Aya ta 33 a Suratun Nur ta yi maganar waɗanda aka tilasta cewa Allah mai gafara ne mai jinƙai gare su, kuma hadisi ya zo cewa an ɗauke wa al'ummar nan kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai. A Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo cewa wanda ya tilasta mace shi ake wa uƙuba kuma sai ya biya ta sadakinta, ita babu komai a kanta. Kun ga kuɗin nan haƙƙinta ne a kan hukunci, ba madadin hukunci ba kamar yadda ake yi a zaure. Sannan ga abin da ya sa na goyi bayan Sista: a mazhabarmu in ciki ya bayyana ga wadda ba ta da miji ta ce tilasta ta aka yi, ana neman alama, kamar a ce ta zo tana jini ko ta yi kururuwar neman taimako a lokacin. To wanda ya ce a yi shiru a ɓoye, ya raba ta da hujjarta, wata huɗu biyar ciki ya fito a ce ina shaida. Takardar likita ta ranar farko kariya ce gare ta. Wannan aurar da ita ga wanda ya yi mata da ake yi wai don a rufe, ban san inda aka samo shi ba.

Abu_Khalifa:
Ustaz na ji wannan kuma na karɓa. Amma har yanzu ina nan kan cewa ba za ka tsallake mai unguwa a garin mutane ba, su baƙi ne, in ya juya musu baya korarsu za a yi daga makarantar.

Barista_Hauwa:
Ba wanda ya ce a tsallake shi Malam, a sanar da shi, a nemi goyon bayansa, amma ba shi da hurumin yanke hukunci a kan fyaɗe. Laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma, ba bashi ba ne da uba zai ce na yafe. Dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane da Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ta tanadi har ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 12 ba zaɓin tara, in taron dangi aka yi mata shekara 20, kuma kotu tana iya sa a biya ta diyya. Sai dai dokar tarayya ce, a Abuja take aiki sai jihar da majalisarta ta amince da tata, Borno misali a farkon 2022 Zulum ya sa hannu. Kaduna kuma a 2020 El-Rufa'i ya sa hannu kan gyaran da ya kawo dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa 'yar ƙasa da shekara 14. NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, tana da rajistar masu irin wannan laifin tun 2019. Dokoki kam akwai. Inda ake faɗuwa shi ne tsakanin caji ofis da kotu, a ce ku kawo kuɗin mai, ku kawo kuɗin fayil, a ɗage zama a sake ɗagewa, ɗan gudun hijira da bai karya ba ina zai iya. Na taɓa bin wata shari'a, duk zaman da aka yi uwar da ƙafa take zuwa da goyo, daga baya suka koma ƙauye maganar ta mutu. Shi ya sa kada ku tura su su kaɗai. Ku nemi FIDA, lauyoyi mata ne suna tsayawa kyauta, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam na jiharku, ko ma'aikatar mata. Kuma babu dokar da ta ce sai da takardar 'yan sanda za a duba wadda aka yi wa fyaɗe, dokar lafiya ta 2014 ma ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar gaggawa.

Bahaushen_Damazin:
Salam daga Sudan. Barista wannan ta takardar 'yan sanda mun sha wahalarta a nan, akwai fom na takwas da a da sai ka karɓo shi daga 'yan sanda kafin likita ya taɓa ka, mata da yawa a Darfur saboda shi suka ƙi zuwa asibiti. An sassauta daga baya amma har yau wasu ma'aikatan suna tambayarsa. Sai a 2015 aka gyara doka aka raba fyaɗe da zina. Yanzu kuma tun da yaƙin nan ya tashi a Afrilun 2023 abin ya wuce misali, UNICEF ta ce an rubuta yara 221 da aka yi wa fyaɗe daga farkon 2024, har da 'yan shekara ɗaya, kuma wannan waɗanda suka iya kaiwa ga asibiti ne. Asibitoci da yawa sun rufe, matasan unguwa masu ɗakunan agajin gaggawa da matan da suke dafa abinci a takaya, wato wuraren girkin sadaka na unguwa, su suka riƙe mutane. Don haka Hajiya kada ki raina kwamitinku, a nan irinku ne suka rage.

Hadiza_Maradi:
Mu nan jihar Maraɗi tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke shigowa, da yawa cikin gidajen mutane suka sauka a garuruwan Gidan Rumji, daga baya HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kai wasu Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori nesa da iyaka. Abin da na lura, wadda aka sauke a gidan mutane ta fi wadda ke sansani wuyar magana, don in mai gidan ne ko ɗansa, in ta faɗa ina za ta kwana? Kuma aure da wuri ya ƙaru, uba yana ganin in ya ba da ita ya rage baki ɗaya kuma ta samu mai tsaronta. Ku riƙa leƙa na cikin gidaje, ba na lakkwal (makaranta) ɗin kaɗai ba. Nan ma likita muke cewa a fara zuwa kafin jandarma.

Kwamared_Bash:
Ita wannan ƙwayar ta kwana biyar ba zubar da ciki ba ne da wani suna? Abin da ya sa mutane ba sa yarda da masu agajin nan kenan.

Sista_Rabi:
A'a Kwamared. Hana ƙwan mace fitowa take yi ko ta jinkirta shi don kada cikin ya shiga tun farko. In ya riga ya shiga ba ta fitar da shi, shi ya sa ma take da wa'adi. Kuma ba a ɗura wa kowa, bayani ake mata ta zaɓa. Tunda an zo nan bari in ƙara, masu kawo yarinya su ce Sista duba mana ko har yanzu budurwa ce, wannan dubawar ba ta tabbatar da komai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2018 a daina. Ƙarin wulaƙanci ne kawai. Kuma yara maza ma ana yi musu, su sun fi ɓoyewa, magani ɗaya ne a kawo su.

Ummi_Dikwa:
Ina karantawa tun ɗazu ban so yin magana ba. 'Yar yayata ta yi shekaru a hannun mutanen daji ta dawo da yaro. Magani an ba ta, abinci an ba ta. Abin da ya kusa kashe ta bakin mata 'yan uwanta ne, in ta zo famfo a janye bokiti, a ce matar Boko Haram, a hana yara wasa da ɗanta. Ta daina fita ta daina magana sai kallon bango. Wata dattijuwa ce mai saƙar hula ta riƙa zuwa tana zama kusa da ita da zare da allura, ba ta taɓa tambayarta me ya faru ba, har ta fara karɓar allurar. Yanzu da hular take ciyar da ɗanta. Ku samu ɗaki ɗaya ko rumfa da zai zama na mata zalla, ana kitso ana saƙa, namiji ba ya shiga ko mai rabo ne. A nan magana take fitowa da kanta. In kuka kafa tebur kuka ce wadda aka yi wa fyaɗe ta zo ta rubuta suna ba wadda za ta zo.

Bilkisu_M:
Allah sarki. Allah ya saka wa dattijuwar nan da Aljanna.

Ya_Falmata:
Ummi ta faɗi gaskiya. Kuma a cikinku ku zaɓi mace ɗaya ko biyu masu riƙe sirri, ba duk kwamiti ba, don labari in ya shiga taron mata ashirin ya gama gari. Mu da aka rufe sansanonin cikin Maiduguri daga 2021 mutane suka watsu cikin unguwanni da kangwaye, bibiyar ta ƙara wuya, sai ga ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024 aka sake cusa mutane a sansanin Bakassi da makarantu, maza da mata wuri ɗaya ba banɗaki, aka koma gidan jiya. Ga tallafin ma yana janyewa, a 2025 Amurka ta yanke na USAID, hukumar abinci ta duniya WFP ta yi gargaɗin dakatar da abincin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Duk ranar da rabo ya ragu mai littafin sunaye ƙarfinsa ƙaruwa yake.

Maman_Walida:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta wa shugabarmu duka a waya. Mun tsaya kan asibiti farko, za mu je mu ga ma'aikaciyar ɗakin haihuwa tun yanzu mu san ko suna da PEP ɗin, mu ajiye ɗan kuɗin mota a gefe. Mai unguwa kuma za mu same shi da maganar sakata da fitila don ya ji da shi ake yi. Saura guda ɗaya da ba mu daidaita ba: in an kai ta asibiti an gama, ita ko uwarta suka ce ba sa son 'yan sanda, mu kai ƙara ko mu yi shiru?

Zee_Gusau:
Ku kai!! In kun yi shiru gobe wata zai kama.

Ya_Falmata:
A'a 'yata. In babba ce ra'ayinta za a bi. An riga an yi mata abu ba da sonta ba, kada ku ma ku yi mata wani. Ku za ku koma gidajenku ku kulle ƙofa, ita ce za ta kwana a ajin da ba ƙyaure kuma dangin mutumin sun san wajen. Ku gaya mata hanyoyin da suke akwai, ku ce in ta shirya za ku raka ta, takardar likitan a adana.

Barista_Hauwa:
Ga babba na yarda da Ya Falmata. Ga ƙaramar yarinya kuwa ban yarda uwa ta rufe ba, musamman in mai laifin yana nan yana yawo cikin yaran ko a gidan yake. A nan sai a sanar da jami'an walwala na ma'aikatar mata, amma a fara samo inda za a kai yarinyar ta kwana lafiya kafin a taɓa shi.

Ya_Falmata:
Barista wane wajen kwanan? Jihohi nawa ne suke da gidan da za a ajiye ta? Mu faɗi abin da yake ƙasa.

Barista_Hauwa:
Kaɗan ne Yaya, ban musa ba. Amma 'yar shekara tara ba za a ce ta zaɓa ba, kuma uwar tsoro ne yake magana a bakinta.

Abu_Khalifa:
To kun ga inda mai unguwan zai yi amfani kenan, ko a gidansa a ajiye ta wajen matansa.

Zee_Gusau:
In kuma ɗan mai unguwan ne fa?

Injiniya_Sale:
Hajiya kafin ku sayi fitilun ki turo min hotonsu ta inbox, akwai masu batirin da ba ya kai asuba, kuma a ɗaure su sama sosai da waya in ba haka ba kwana biyu za a cire.